Ɗauke Wuta a Ƙasar Ƙanƙara Ba Irin Na Gida Ba Ne

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya, in aka ce masa ya shirya za a ɗauke wuta, dariya zai yi. Mu da muka yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai, me za a gaya mana? Wannan dariyar nake so in raba ƙannena da ita, masu zuwa Amurka da Kanada karatu ko aure. A gida in wuta ta tafi, fanka ce ta tsaya, sai ka ja tabarma tsakar gida. A nan in ta tafi cikin hunturu, ɗumin gida ne ya tafi, murhun girki ya mutu, wani lokacin ruwan famfo ma ya bi su. Ko da gas hitar gidanka take aiki, fankar da ke hura ɗumin zuwa ɗakuna lantarki take ci, ita ma shiru za ta yi.

Ni a gefen Dallas nake zaune da yarana, a jihar Texas, inda ba a gina gidaje don sanyi mai tsanani ba. A tsakiyar Fabrairun 2021 guguwar ƙanƙara ta sauko mana, bututun gas da tashoshin wuta suka daskare, gidaje da shaguna fiye da miliyan 4 suka shiga duhu, wasu kwana da kwanaki. Layin wutar Texas a ware yake da na sauran ƙasar, babu inda za a jawo wadda za ta isa. Hukumomin jihar sun ƙidaya mutum 246 da suka rasu. Kanada ma da ta saba ba ta tsira ba: a Janairun 1998 ruwan sama mai daskarewa ya lulluɓe wayoyin Quebec da Ontario har manyan turakun ƙarfe suka durƙushe, wasu garuruwa suka yi makonni babu wuta.

Bari in fara da abin da ya fi ba ni tsoro game da mutanenmu, wato dabarun da muka taho da su. Sanyi na kama Bahaushe, abin da ke faɗo masa shi ne garwashi a kasko. Kada ka kuskura. Gidajen nan a toshe suke ruf, kowace ƙofa da taga da robarta a gefe, iska ba ta shiga ba ta fita. Gawayi, janareta, murhun gashin nama, duk suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mutum ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Ko a gida, inda iska ke ratsa ɗakuna, ai muna jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya kashe a dare ɗaya. In ka ga mutanen gida duk suna kukan ciwon kai lokaci guda, ku fita waje tukuna, sannan ka kira 911, lambar neman agajin gaggawa.

Saboda haka janareta a waje yake zama, nesa da gida da aƙalla mita 6, bakin hayaƙinsa na kallon wani gefe. Ba a gareji ba ko da ƙofar a buɗe take, ba a barandar bene ba. Kada kuma a jona shi da soket ɗin bango, domin wutar na iya komawa layi ta kama ma'aikacin da ke gyara a can waje. Ba a kunna tandar gas a bar ta a buɗe don ɗumama ɗaki. 'Yan'uwana mata, gawayin turaren wutar nan da muke ɓoyewa a akwati, a bar shi sai wuta ta dawo. Mota kuwa ba a tayar da ita cikin gareji don shan ɗumi ko cajin waya. Mutane sun rasu ta haka a 2021. Na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska ba ta da tsada, ka sayi mai batir ka rataya kusa da ɗakin kwana.

Sanarwar guguwa kan zo da kwanaki kafin ta iso. Ka lura da Farenhait suke awo a Amurka: 32 shi ne sifirinmu, in wayarka ta nuna 20, kusan digiri 7 ke nan ƙasa da sifiri. Ranar da ka ji sanarwa ranar za ka fita, don washegari kantocin burodi da ruwa wayam za ka tarar. Ka cika tankin mota, ka ciri ɗan kuɗi a hannu saboda na'urar kati ba ta aiki babu wuta, ka karɓo maganin mai ciwon suga ko hawan jini. Waya, fawa bank, tocila, duk a caja. Na fi son tocila a kan kyandir, musamman gidan da ke da yara.

Ruwa kuwa, hukumomi na cewa galan 1 ga kowane mutum a rana, kusan lita 4, na kwana 3. Wannan lissafin wanda ba ya riƙe buta ne. Mu da tsarki da alwala sau biyar, ninka shi nake yi. Ina cika bahon wanka taf, in ajiye bokiti a gefe don kora bayan gida, in tafasa ruwa in cika duk fulas ɗin da na mallaka: ɗaya na shayi, ɗaya na alwalar asuba. Mai ƙaramin yaro ya riƙa kulle banɗakin saboda bahon. Kada ka dogara da narka dusar ƙanƙara, tukunya cike ba ta ba ka ko kashi ɗaya cikin huɗu na ruwa. In kuma aka yi shelar a tafasa ruwan famfo, a bar shi ya yi minti 2 yana tafasa kafin a sha.

Abinci ba ya ba mu wahala. Garin kwaki da suga da madarar gari, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, zuma, kifin gwangwani, babu wanda ke neman wuta. Sai dai ka tabbata abin buɗe gwangwaninka na hannu ne. Firij na riƙe sanyi awa 4 in ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya awa 48, mai rabi awa 24. Maimakon zuba nama a waje inda rana ko dabba za ta same shi, ka fitar da robobin ruwa su daskare, ka dawo da su cikin firij.

Da wuta ta tafi, ku tattaru a ɗaki ɗaya, ƙarami, mai ƙarancin tagogi. A rufe sauran, a cusa tawul ƙarƙashin ƙofa, a rataya bargo a taga da dare, da rana a yaye in hasken rana na shigowa. Mu ɗakin yara muka koma, muka kafa ɗan tantin wasansu a kan katifa muka lulluɓe shi da bargo. Numfashin mutum uku a ciki ya fi duk abin da na zata. Sutura a jera ta hawa-hawa, marasa matsewa, ya fi ƙatuwar riga guda. Atamfa da shadda ba sa tare komai, auduga kuma in ta jiƙe da gumi sanyi take ƙarawa. Hula da safa ko barci za a yi, a ci abinci a sha ruwa, don jiki da abinci yake hura wutarsa.

Ka sa ido a kan tsofaffi da jarirai. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'auninmu na gida an shiga haɗari: karkarwa, harshe ya yi nauyi, ruɗewa, barci mai ƙarfi. Karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ya ƙara muni ne. A kira 911, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya, a ba shi shayi mai suga in yana cikin hayyacinsa. Yatsun da suka yi fari suka mutu ba a murza su, ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa su. In gidan ya gagari zama, ka kira 211 a gaya maka wurin fakewa mafi kusa; makarantu, majami'u da masallatai kan buɗe ƙofa. Amma ka tafi tun da rana, tun hanya na biyuwa. A garin Buffalo na jihar New York, a guguwar Disambar 2022, fiye da mutum 40 suka rasu, da dama a waje ko cikin mota aka same su. Wanda hanya ta riƙe ya zauna a motarsa, ya share ƙanƙarar bakin salansa, ya riƙa tayar da inji minti 10 a kowace awa da gilashi a ɗan sauke.

Saura bututu, wanda shi ya fi jawo asarar dukiya. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi ya tsaga bututu, ba kuwa za ka sani ba sai ranar da ya narke, ka ga silin na zubar da ruwa. Ka bar famfunan da ke jikin bangon waje suna ɗiga, ka buɗe ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Tun yau ka nemo inda ake rufe ruwan gidan gaba ɗaya, in haya kake ka tambayi ofishin masu gida su nuna maka. Maƙwabciyata da ba ta san wurin ba, tana tsaye ruwa ya cinye mata falo. Famfon da ya ƙi zuba, a naɗe bututunsa da tawul mai ɗumi, ba a kai masa harshen wuta.

Kafin wutar ta dawo, ka zare talabijin, kwamfuta da hita daga soket, ka bar ƙwai ɗaya a kunne ya zama alama, domin takan dawo da ƙarfi ta ƙona kaya. In ta zauna, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka zagaya gida kana duba bango da silin da ƙarƙashin kabad, hannunka kusa da makullin ruwa.