Yadda ake horar da garkuwar jikin jariri da allurar BCG

Jariri yana zuwa duniya da garkuwar da Allah Ya halitta masa, wato fararen ƙwayoyin jini da ke far wa duk cutar da ta shigo. An daɗe ana zaton wannan sashe ba ya koyon darasi, sai a 2011 masanin garkuwar jiki Mihai Netea da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka yi bayanin cewa yana ɗaukar horo. Idan ya yi arba da ƙwayar bakteriya da aka karya lagonta, yakan ƙara zafin nama na tsawon watanni, har a kan wasu cututtukan dabam. Hanyar da aka fi bincika ita ce BCG, allurar tarin fuka da Calmette da Guérin suka haɗa a Faransa daga ƙwayar tarin shanu, aka fara bai wa mutum a 1921.

Da farko, kada a jira suna, balle arba'in. Tsarin rigakafin Najeriya ya sa BCG a ranar haihuwa, tare da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta. Binciken wani masani, Peter Aaby, a ƙasar Gini Bisau kan jarirai masu ƙarancin nauyi ya nuna alamar raguwar mace-mace a makonnin farko ga waɗanda aka yi wa da wuri. In mai jego ba za ta iya fita ba, kaka ko gwaggo ta ɗauki yaron, maigida ya raka su.

Sai a tambayi ranar da ake yi. Kwalba ɗaya ta jarirai 20 ce, kuma da an haɗa ta da ruwanta sai a zubar da abin da ya rage bayan awa 6, shi ya sa ƙananan asibitoci da yawa ke ware mata rana guda a mako. Wanda ke cikin garin Sakkwato yana iya tuntuɓar asibitin mata da yara na Maryam Abacha ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kyauta ce a asibitin gwamnati.

Kafin a yi, a gaya wa ma'aikaciya gaskiya in uwa na da cutar HIV ko tarin fuka, ko yaron ba shi da lafiya. Ƙwayar da ke cikin allurar tana da rai, tana iya cutar da mai raunin garkuwa.

Ana yin ta cikin fatar damtsen hagu, ɗan kaɗan, 0.05 na mililita. Bayan mako 2 zuwa 4 ƙurji zai fito, ya yi ruwa, wani lokaci ya fashe. A nan ne iyaye ke ɓata aiki. Wata ta matse, wata ta shafa man zafi ko toka, wani ya ce a kira wanzami. Duk a bari. A wanke da ruwa mai tsabta, a bar shi ya sha iska, cikin wata 2 zuwa 3 zai warke ya bar tabo. In kaluluwa ta kumbura sosai a hammata ko zazzaɓi ya ƙi sauka, a koma asibiti da katin yaron.

Wani zai ce, to ai sai a bar yaro ya ci ƙasa ko ya sha ɗanyen nonon shanu, jikinsa ya saba. A'a. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da ainihin ƙwayar tarin shanun da ƙarfinta. Kuma horon yana da iyaka: an gwada BCG a kan ma'aikatan lafiya lokacin korona, ba ta kare su ba. Saboda haka a mako na 6 a koma a karɓi allurar Penta, mai kare yaro daga cututtuka biyar, sannan a mako na 10 da na 14.