Gidan haɗin gwiwa da bashi a kai, bayan saki

Jama'a, saki ba ya goge bashi. Duk wanda ya sa hannu a takardar banki, ana binsa ko aure ya mutu. Kada a daina biya saboda fushi, gidan za a rasa.

A kira dillalai 2 su yi wa gidan kuɗi a gaban dagaci. Idan ya kai miliyan 6, saura bashi miliyan 2, to miliyan 4 za a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba. 'Yar'uwa, in awakinki kika sayar aka sayi kwano da siminti, nemo rasit ko shaidu tun yanzu. Nan ne mata suka fi cutuwa.

Wanda zai riƙe gidan ya biya ɗayan, banki ya cire sunan wanda ya bar gidan, a rubuta a kotun shari'a.