Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Wasannin Kashe-kashe a Shagon Gem da Waya

A garuruwan da ke tsakanin Ɗambatta da Kazaure, ba abin mamaki ba ne a tarar da shago mai talabijin da PlayStation 2 da ƙaramin janareta, inda yara ke cika benci bayan la'asar. Kuskuren farko na mai shago ne, wanda yake saka kowane faifai ga duk wanda ya biya. Na taɓa tsayawa a bayan wani yaro da bai wuce shekara tara ba yana buga GTA: San Andreas, wasan da ya fito a 2004; ya ajiye aikin da wasan ya ɗora masa, yana bin masu tafiya a gefen titi da mota yana takewa, abokansa na yi masa sowa. Ba don irinsa aka yi wasan ba, domin a Turai alamar PEGI 18 ce a kansa, wato na 'yan shekara goma sha takwas zuwa sama ne, sai dai kwafin da ke isowa ƙauye sau da yawa ba shi da ko kwali. Gyaran shi ne mai shago ya binciki alamar shekarun kowane wasa, ya bar wa ƙanana ƙwallo da tseren mota.

Kuskure na biyu na iyaye ne, waɗanda da zarar sun ji ƙarar bindiga daga wayar yaro sai su ƙwace ta su haɗa da bulala. Yaron ba ya dainawa. Shagon caji yake komawa ya ari wayar aboki ya ci gaba da Free Fire, inda ake sauke mutum hamsin a tsibiri har sai ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar da ke nuna cewa waɗannan wasanni ne ke haddasa aikata ta'asa a zahiri. Abin da ya fi damuna shi ne sabo, wato a kashe wanda bai yi komai ba, ya zama abin dariya.

Daga nan kuskure na uku ya samo asali, wato ɗaukar duk kisan cikin wasa a matsayin abu ɗaya. Akwai wanda labarin ya tilasta, akwai na banza, kuma akwai wasa irin Undertale na 2015 da ake iya kammalawa ba tare da kashe kowa ba. Masu wasannin tebur irin Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, sun daɗe da wannan matsala. A can mutum ɗaya ne ke jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kuma su zaɓi abin da jarumansu za su yi, sai a sami wanda zai kashe ɗan tireda don kawai ya kwashe kayansa. Gwanayen jan labari ba sa hanawa da tsawa. Suna ba mamacin suna da iyali, garin ya rufe wa makashin ƙofa, dogarai su bi sawunsa.

Uba ko yaya zai iya aron wannan dabara, ya zauna kusa da yaron na minti goma yana kallo, idan ya ga ya juya bindiga kan mai wucewa ya tambaye shi a natse: "Wannan bawan Allah me ya yi maka?"