Kurakuran da aka fi yi wajen auna tasirin sayen amfanin gona daga ƙananan manoma kan talauci

Tun da aka ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, tsarin da kamfani ke ba manomi iri da taki da maganin feshi bashi, sannan ya sayi amfanin a lokacin kaka, ya ƙara yaɗuwa a arewacin Najeriya. Kamfanonin casar shinkafa a Kebbi da Kano da Jigawa suna yin haka, masu sayen riɗi da waken suya da masara ma suna yi, kuma da yawansu suna fitar da rahoto a ƙarshen shekara cewa sun fitar da manoma daga talauci. Mai yiwuwa wasu sun yi hakan da gaske, amma yadda ake aunawa ba ya iya tabbatar da shi a mafi yawan lokuta, domin tambayar da ya kamata a amsa ita ce: me ya rage a gidan manomi bayan shekara ta zagayo, wanda ba zai samu ba in da kamfanin bai zo ba?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar adadin manoman da aka yi wa rajista a matsayin shaidar rage talauci. Yawan sunaye a takarda girman cinikin kamfani kawai yake nunawa, kuma ko a nan ma ana samun sunan mutum ɗaya sau biyu, ko sunan wanda ya karɓi taki bai kawo ko buhu ɗaya ba, ko dillalin da ya tattara kayan mutane da yawa ya sayar da sunansa. Gyaran wannan ba shi da wuya: a raba waɗanda aka yi wa rajista da waɗanda suka sayar wa kamfanin a wannan kakar, a kuma rubuta ko kuɗin ya shiga hannun manomin kai tsaye ne ko ta hannun ɗan kamasho ya bi.

Wanda ya fi wannan illa shi ne lissafa kuɗin da aka biya manomi kamar dukansa riba ce. Manomin shinkafar rani yana sayen man fetur na injin ban ruwa, yana biyan 'yan ƙwadago a lokacin dashe da cire ciyawa da yanka da bugu, yana biyan hayar fadama in ba tasa ba ce, yana biyan kuɗin dakon buhuna zuwa wurin awo, kuma kafin a miƙa masa komai sai an cire bashin iri da taki da kuɗin ruwan da ke kan bashin. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne ya kamata a rubuta. Ko wannan ma bai kammala lissafin ba, domin gonar da aka shuka wa riɗi ko waken suya saboda kamfani, da ma can akwai abin da take bayarwa. In gero da dawa ne aka rage domin a ba kayan sayarwa fili, to rumbu zai yi saurin ƙarewa, kuma gidan zai koma awo a kasuwa a daidai lokacin da hatsi ya fi tsada. Haka kuma aikin mai gida da 'ya'yansa yana da farashi, ko da ba a biya su ba, tunda ranakun da suka shafe a gonar kamfani ranaku ne da za su iya yin jinga ko kasuwanci ko cin rani. A ganina, duk rahoton da bai nuna abin da aka kashe da abin da aka bari domin a shiga shirin ba, bai isa a kafa hujja da shi ba, komai kyawun alƙalumansa.

Daga nan sai batun ma'aunin talaucin kansa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, bisa binciken da ta yi a 2018 da 2019, ta sanya iyakar talauci a naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ta kuma gano cewa kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ƙasa da ita. Ana yawan manta cewa wannan adadi na mutum ɗaya ne, don haka gida mai mutum 8 yana buƙatar kusan naira miliyan 1.1 a farashin wancan lokaci kafin a ce ya tsallake. Ana kuma manta cewa hukumar abin da gida ya ci ya kashe take aunawa, har da abincin da ya noma da kansa, ba kuɗin da ya shigo daga sana'a ɗaya ba. Wanda ya ɗauki ribar shinkafa kaɗai ya gwada da wannan iyaka ya haɗa abubuwa biyu da ba jinsi ɗaya ba. Sannan darajar naira ta sauya ƙwarai tun bayan cire tallafin man fetur da sakin farashin canji a 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Manomin da kuɗinsa ya ninka tsakanin 2022 da 2024 yana iya zama bai ci gaba ba ko kaɗan. Dole ne a daidaita alƙaluman da farashin shekarar da aka fara, kuma yana da amfani ƙwarai a juya ribar zuwa abin da manomi ya sani, wato buhun masara nawa ko buhun taki nawa za ta saya bara, nawa kuma za ta saya bana.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne jingina wa kamfani duk wani ci gaban da aka gani. Da aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, farashin shinkafar gida ya tashi ga kowa, da wanda yake cikin shirin kamfani da wanda yake kai tasa kasuwar ƙauye. Wanda ya auna manomansa kafin rufewar da kuma bayanta zai ga ƙaruwa ya yi murna, alhali ba shi ya kawo ta ba. Saboda haka ake buƙatar rukuni na biyu na manoman da ba sa cikin shirin, a bi su a shekaru ɗaya da tambayoyi iri ɗaya. Sai dai a nan ma akwai tarko, domin kamfani ba ya zaɓen manoma da ƙuri'a. Yakan nemi mai fili isasshe, mai rijiyar burtsatse ko gona kusa da ruwa, wanda ƙauyensu ke bakin hanya, wanda shugaban ƙungiya ko mai unguwa zai tsaya masa, kuma irin waɗannan mutane sun fi maƙwabtansu hali tun kafin kamfanin ya iso. In aka gwada su da waɗanda aka bari, bambancin da za a gani tsohon bambanci ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a tattara bayanai kafin a raba iri na farko, a zaɓi ƙauyukan gwaji masu kama da juna a girman gona da samun ruwa da nisan kasuwa, kuma in shirin zai faɗaɗa a hankali, a yi amfani da ƙauyukan da za su shiga baɗi a matsayin abin gwada waɗanda suka shiga bana. Wannan binciken farko yana da wata fa'ida da kamfanoni ba su cika son ji ba: yana nuna ko talakawan ƙauyen ne ake saye daga hannunsu, ko kuwa masu ɗan hali ne kawai.

Lokacin da ake yin tambayoyi ma yana sauya amsa. Bayan kaka rumbu cike yake kuma kuɗi na hannu, don haka kowa zai ce yana cin abinci sau uku. Halin gida na gaskiya yana bayyana ne a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Ya kamata a koma aƙalla sau biyu a shekara, a kuma tambayi wata nawa abincin gida ya kai, ko an sayar da akuya ko an ci bashi domin awo.

Yawancin masu bincike mai gida kaɗai suke zama da shi, kuma wannan yana ɓoye rabin labarin. A garuruwan noman shinkafa mata da yawa sana'arsu ita ce sayen samfarera su turara su shanya su kai inji su sayar, kuma idan babban kamfani ya kwashe samfarerar gari a farashin da ba za su iya ba, jarinsu ne yake karyewa, ko da mazajensu sun sami ƙarin kuɗi. A ɗaya ɓangaren kuma, mafi talauci a ƙauye sau da yawa ba su da gonar da za su sayar wa kowa komai, ƙwadago suke yi, kuma amfanin da suke samu daga kamfani yana zuwa ne ta ƙarin ranakun aiki da kuɗin jinga. Binciken da bai tambayi waɗannan ba zai iya rage wa kamfani yabon da ya cancanta, kamar yadda zai iya ɓoye cutarwar da ya yi. A ɗauki mata masu bincike su shiga gidaje su tambayi mata da kansu, a kuma kiyaye kada malamin gona na kamfanin, wanda shi ke raba taki kuma shi ke bin bashi, ya zama mai yin tambayoyin, domin babu wanda zai faɗa wa mai binsa bashi cewa ya karkatar da rabin amfaninsa kasuwa.

Awo ma yana ruɗi. Buhu da tiya da mudu sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma bincike a ƙasashen Afirka ya sha nuna cewa masu ƙananan gonaki suna ƙiyasta filinsu fiye da yadda yake. A ɗora buhu a sikeli, a zagaya gonar da na'urar GPS.

Akwai kuma waɗanda suka fita daga shirin, waɗanda sunayensu ke ɓacewa daga rahoto ba tare da bayani ba. Galibi su ne amfaninsu ya lalace, ko aka ƙi kayansu saboda danshi ko tsakuwa, ko bashi ya danne su. A 2016 tsutsar tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har masana'antar tumatir ta Kadawa a jihar Kano da aka buɗe a shekarar ta dakatar da aiki saboda rashin kaya, kuma ambaliyar 2022 ta shafe gonaki masu yawa a Jigawa da wasu jihohi. A irin waɗannan shekaru ne ake gane wanda asara ke faɗawa kansa, kamfani ko manomi, don haka wajibi ne a ci gaba da bibiyar duk wanda aka fara da shi, a rubuta nawa ne suka fita da dalilin fitarsu da bashin da ya rage a kansu.

Kamfanoni masu ƙaramin ƙarfi sukan koma ga ma'aunin PPI (Poverty Probability Index), wato ma'aunin ƙiyasta yiwuwar gida yana cikin talauci, mai tambayoyi 10 kan abubuwa kamar yawan mutanen gida da kayan da suka mallaka, saboda yana da sauƙi da araha. Yana da amfani wajen ƙiyasta kaso nawa na rukunin manoma ne ke cikin talauci, amma yiwuwa yake bayarwa, ba hukunci kan gida ɗaya ba, kuma abubuwan da yake tambaya ba sa sauyawa cikin kaka ɗaya. Ya fi dacewa a yi amfani da shi a farko domin sanin su wa ake hulɗa da su, a maimaita bayan 'yan shekaru, a tsakani kuma a dogara da lissafin riba bayan an cire kashewa, da watannin da abinci ya kai, da yawan bashi. A wajen fitar da sakamako, a nuna yadda ribar ta rabu tsakanin masu ƙaramin fili da masu babba, domin matsakaicin lissafi yana iya tashi saboda manyan manoma ƙalilan alhali sauran suna nan inda suke.