Ƙasar da mapul ɗin ado ke so a tukunya

'Yan uwa masu sha'awar mapul ɗin Japan, itacen ado mai jajayen ganyen nan kamar tafin hannu, ku fara da ƙasa kafin ku damu da taki. Saiwoyinsa sirara ne kuma ba sa nitsewa can ƙasa. Suna son danshi amma ba sa jure kwanciyar ruwa. Kada ku ɗebo ƙasar lambu ku cika tukunya, balle laka, domin tana dankarewa ta toshe iska, sai ka ga bakin ganye ya ƙone alhali ƙasar jagab take.

Haɗin da na fi yarda da shi: kashi 2 na ɓawon itacen fain (mai ganye kamar allura) da aka daddaka ƙanana, kashi 1 na zaren ɓawon kwakwa, kashi 1 na falayit, wato fararen tsakuwoyin nan marasa nauyi. A ƙara ɗan ruɓaɓɓen ganye kaɗan. Jiƙa shi, ka dunƙula a hannu, ka buɗe. In ya wargaje da ɗan taɓawa, ya yi. In ya tsaya dunƙule kamar curi, ƙara ɓawo.

Mapul ɗin yana son ƙasa mai ɗan tsami, 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami da ake kira pH, don haka toka da farar ƙasa ba nasa ba ne.

Tukunya kuwa ta kasance mai huda, kuma ta ɗan fi saiwoyin faɗi kawai. Zuba tsakuwa a gindinta ba ya taimaka wa ruwa fita, duk da yawan masu yi. Kada a binne wuyan itacen, wato inda gangar jikinsa ta haɗu da saiwoyi. A sauya haɗin duk shekara 2 ko 3, kafin sabon toho ya fito.