Kurakuran da aka fi yi wajen shigo da abokai na nesa cikin wasan kwamfuta na gida

Da wuya mako ya wuce ba tare da wani ya turo mini saƙo mai wannan ma'ana ba: a cikin gida wasan yana tafiya lafiya lau tsakaninsa da ƙannensa, kowa da kwamfutarsa a kan rauta ɗaya, amma abokinsa da ke Abuja ko Zariya ya yi ta ƙoƙarin shiga har ya haƙura. Idan na bincika sai in tarar kurakuran nan ne dai da na gani a wurin na jiya da na shekaranjiya, waɗanda ni ma wasunsu sun taɓa cin kuɗina da lokacina. Na gaji da maimaita amsa ɗaya ga mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na tattara su a nan. Zan riƙa yin misali da Minecraft na Java saboda shi na fi daɗewa a kai, amma yawancin bayanin ya hau kan Terraria da tsohon Counter-Strike, da duk wasan da kwamfuta ɗaya take zama mai masauki, sauran su zo mata baƙunci.

Mafi sauƙin gyara shi ne tura wa aboki adireshin cikin gida. Mutum zai buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta a Windows, ya ga 192.168.1.5 ko makamancinsa, ya kwafe ya tura. Duk adireshin da ya fara da 192.168, ko da 10, ko ya faɗa tsakanin 172.16 da 172.31, na cikin gida ne, rautarka ce ta raba shi, kuma akwai gidaje birjik da suke amfani da wannan lambar a daidai wannan lokaci. Tamkar ka ce wa baƙon da zai taso daga wani gari ya same ka a ɗaki na biyu bayan zaure ne, alhali ba ka gaya masa unguwa ba, ba ka kwatanta masa gida ba.

Wanda ya tsallake wannan yakan faɗa rami mafi zurfi, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne ya fi wahalar da ni. Kowane bayani da za ka gani yana cewa ka shiga shafin rautarka ka buɗe ƙofa, wato port, mai lamba 25565 da Minecraft yake karɓar baƙi ta cikinta, ka nuna mata kwamfutar mai masauki, sannan ka ba abokai adireshinka na waje. Haka na yi. Dare uku a jere ina zaune gaban allo, in rubuta lambar, in adana, in kashe rauta in kunna, in kira abokina a waya in ce ya sake gwadawa, shi kuma ya karanto mini saƙon da ke cewa lokacin jira ya ƙare ba a samu amsa ba. A rana ta huɗu na yanke hukuncin cewa rautar ce ba ta da kyau, na ɗauki kuɗin da na ajiye don ƙara wa kwamfutata ƙwaƙwalwa na je kasuwa na sayi sabuwa. Na zare sim daga tsohuwar na saka a sabuwar, na maimaita komai, sakamakon bai canza ko da kaɗan ba. Har yanzu idan na tuna da kuɗin nan raina yana ɓaci, saboda binciken minti biyu ya isa ya hana ni kashe su.

Ga abin da ke faruwa. Adiresoshin intanet na tsarin IPv4 kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare tun watan Fabrairun 2011. Saboda wannan ƙarancin, kamfanonin sadarwa da yawa, musamman na layin waya, suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Ma'ana, rautarka tana bayan wata babbar na'ura ta kamfani wadda ba ka da iko da ita. Ka buɗe ƙofar ɗakinka, amma ƙofar gidan gaba ɗaya a kulle take, kuma mabuɗin ba a hannunka yake ba. Yawancinmu a nan da MiFi ko rauta mai sim muke shiga intanet, wasu ma da wayar hannu suke raba wa kwamfuta data, alhali bayanan da muke bi an rubuta su ne domin masu layin waya ta ƙasa da kowane gida yake da adireshinsa. Ko shekara za ka yi kana buɗe ƙofa a irin wannan layi, babu wanda zai shigo.

Binciken kuwa shi ne ka shiga shafin rautar, wanda galibi yana 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka nemo adireshin da aka rubuta a ƙarƙashin WAN. Sai ka buɗe kowane shafin da yake nuna wa mutum adireshinsa na waje, ka gwada su biyun. Idan sun yi daidai, kana da adireshin kanka, buɗe ƙofa zai yi aiki. Idan sun bambanta, ko na rautar ya fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to ka tsaya nan, kada ka sake ɓata dare ɗaya. Abu guda ne kawai za ka tabbatar kafin ka yanke hukunci: idan rauta biyu ce a gidanka, ɗaya a jone da ɗaya, to ta farkon da layi ya shigo mata ita za ka duba, domin wani lokaci kai ne da kanka ka gina bangon na biyu.

Abin da nake yi yanzu, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, shi ne in manta da buɗe ƙofa gaba ɗaya, in haɗa kwamfutocin da manhajar da ke ƙirƙirar hanyar sadarwa ta sirri tsakaninmu, ta yadda kowace kwamfuta za ta ɗauka a ɗaki ɗaya muke. Tana aiki ne saboda kowace na'ura ita ce take fita da kanta ta nemi 'yar uwarta, kuma CGNAT ba ya hana fita, shigowar baƙo kawai yake hanawa. Hamachi ce aka fi sani, amma na kyauta mutum 5 kawai yake ɗauka a rukuni ɗaya, kuma na sha ganin an yi rigima a kan wanda za a cire domin na shida ya shiga. Radmin VPN ta wadatar idan kowa Windows yake amfani da shi. Ni dai Tailscale nake ɗorawa domin Minecraft, ZeroTier kuma domin tsofaffin wasanni. Akwai masu ganin gara a nemi kamfani ya ba da adireshi na musamman, kuma ana samu a wasu layukan, sau da yawa da ƙarin kuɗi. Ban ga dalilin biyan kuɗi duk wata domin wasan daren Asabar ba.

Da an ɗora manhajar kuma sai wani kuskuren ya biyo baya: kowa ya zauna yana jiran sunan wasan ya fito da kansa a jeri kamar yadda yake fitowa a gida. A gida yana fitowa ne saboda mai masauki yana yin shela ga duk na'urorin da ke kan rautar. Tailscale ba ta ɗaukar irin wannan shela ko kaɗan. ZeroTier da Hamachi suna iya ɗauka, amma sau da yawa kwamfuta tana fitar da shelar ta Wi-Fi ɗin gida maimakon ta sabuwar hanyar. Kada ka jira. Ka duba adireshin da manhajar ta ba mai masauki, wanda a Hamachi yake farawa da 25, a Radmin da 26, a Tailscale da 100, kowa ya rubuta shi da hannunsa a wurin shiga kai tsaye, ya sa alamar ɗigo biyu (:), ya biyo da lambar ƙofa. A lura kuma cewa idan da maɓallin Open to LAN aka buɗe wasan, ba lallai ƙofar ta zama 25565 ba. Wasan yana zaɓar lamba da kansa ya rubuta ta a wurin hira, kuma tana canzawa duk lokacin da aka sake buɗewa, sai daga sigar 1.19.3 ne aka ba mutum damar rubuta lambar da yake so.

Yanzu zan yi faɗa, kuma da gaske nake. Ku daina kashe katangar tsaro ta Windows don wasa ya ƙi shiga. Ku daina saka kwamfutarku a DMZ don wani ya ce hakan yana warware komai. DMZ na nufin duk wanda ya ƙwanƙwasa adireshinka daga ko'ina a duniya, ta kowace ƙofa, a miƙa shi kai tsaye ga kwamfutar da hotunan iyalinka da takardun aikinka suke ciki. Matsalar da kake ƙoƙarin gyarawa ƙarama ce: Windows yana ɗaukar sabuwar hanyar a matsayin ta bainar jama'a, sai ya hana wasan karɓar baƙi a kanta. Ka shiga jerin manhajojin da katangar ta yarje wa, ka nemo Java, wato javaw.exe, ka ba shi izini a kan nau'in hanyar da ta dace. Aikin minti ɗaya ne. Wanda ya rushe katangar gidansa don baƙo ɗaya ya shigo, ba baƙon nan kaɗai zai gani a tsakar gida ba.

Ina faɗin haka da zafi ne saboda abin da ya same mu. Bayan na koma gidan da ke da layi mai adireshin kansa, na kafa cikakkiyar saba, wato manhajar da ke riƙe duniyar wasan domin kowa ya shigo, na buɗe mata ƙofa. Ɗaya daga cikin abokanmu bai sayi wasan ba, sai na shiga fayil ɗin server.properties na mayar da online-mode zuwa false domin ya samu shiga. Na kwantar da hankalina da cewa ai na kunna jerin sunayen waɗanda aka yarda su shiga. Abin da ban lura da shi ba shi ne, da zarar ka kashe wannan tantancewar, saba ba ta ƙara tambayar kowa hujja, duk sunan da mutum ya rubuta shi za ta karɓa. Akwai kuma masu manhajojin da ba su da aiki sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa 25565. Wani ya shigo da sunana, ya samu duk ikon da nake da shi. Da asuba ƙanina ya kira ni, muryarsa na rawa, ya ce: "Yaya, kai ne ka shiga cikin dare? Gidanmu babu shi, gonar ma babu." Na shiga na tarar da rami a inda ganuwar da muka yi wata bakwai muna ginawa take, narkakken dutse yana kwarara a kan rumbunan da yaron nan ya jera ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutunsa. Ba ni da kwafi ko ɗaya. Ya yi makonni bai sake buɗe wasan ba.

Tun daga ranar, online-mode a true yake zama, kuma wanda bai mallaki wasan ba muna haɗa masa kuɗi ko ya jira. Kowace Lahadi da daddare ina kwafe babban fayil ɗin duniyar wasan zuwa filashi, kafin in yi haka kuma sai na rufe sabar, domin kwafin da aka ɗauka tana cikin rubutu yana iya lalacewa. Ba na kuma barin tsohuwar siga a buɗe ga intanet. A watan Disambar 2021 aka gano ɓarakar tsaro a Log4j, wani ɓangaren manhaja da Minecraft na Java yake amfani da shi, wadda ta sa rubutu kawai a wurin hira zai iya sa kwamfuta ta aiwatar da umarnin wani, har aka fitar da sigar 1.18.1 domin toshe ta. Har yau ina ganin masu kafa tsofaffin sigogi ba tare da gyaran ba saboda wani ƙari, wato mod, da suke so.

Sauran ƙanana ne. Idan siga ta bambanta tsakanin mai masauki da baƙo, ko ƙarin da aka ɗora bai zo ɗaya ba, ba za a shiga ba. Java da Bedrock, wato nau'o'in Minecraft guda biyu, ba sa haɗuwa kai tsaye, kuma Bedrock ƙofarsa 19132 ce ta nau'in UDP, don haka wanda ya zaɓi ɗayan nau'in, TCP, a shafin rauta ya yi aikin banza. Kada ka gwada adireshinka na waje daga cikin gidanka ka ce ba ya aiki, rautoci da yawa ba sa juyo da mutum ciki, ka sa wani na waje ya gwada. Idan aka ɗauke wuta rauta ta mutu ta tashi, tana iya ba kwamfutarka sabuwar lamba, ƙofar da ka buɗe ta koma tana nuna inda babu kowa, saboda haka ka ɗaure wa kwamfutar lamba ɗaya a saitin DHCP, wato sashen rauta da ke raba wa na'urori lambobi.

Akwai kuma zaɓen mai masauki, wanda ake yi bisa wanda ya kawo shawarar wasan maimakon wanda ya cancanta. Mai masauki shi ne yake aika wa kowa bayani, saboda haka saurin aikawarsa ake dubawa, ba saurin saukewa da kowa yake alfahari da shi ba. Minecraft yana sabunta duniyarsa sau 20 a daƙiƙa, kuma ɗan tangarɗa a wurin mai masauki kowa zai ji ta a jikinsa. A jona kwamfutarsa da rauta ta waya, a bar Wi-Fi. Idan har yanzu ana tafiyar hawainiya, a duba ko manhajar ta haɗa ku kai tsaye ko ta bi da ku ta sabar kamfaninta, wadda tana iya kasancewa a wata nahiya, abin da yakan faru idan ɓangarorin biyu duk suna bayan CGNAT. A Tailscale, buga tailscale status zai nuna maka direct ko relay a gaban sunan kowa. Mu da muka ga relay a gaban sunana, sai muka mayar da masaukin wurin abokinmu mai layin waya ta ƙasa da inbata, ni kuma na koma cikin baƙi.