Kurakuran da muke yi wajen ba ƙaramin yaro magani, da yadda za a gyara

Duk uwar da ta taɓa tsayawa da kwalbar magani a hannu, ɗan shekara biyu ya datse haƙora yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba, ta san abin da nake nufi. Ni kam ɗana na fari sai da muka yi kusan shekara muna wannan dambe, ya furzo min sirop a fuska ya fi a ƙirga, kuma kullum abin da nake faɗa shi ne yaron nan taurin kai ne da shi. Sai da na haifi na biyu na gane rabin faɗan ni nake haɗa shi da hannuna. Yaro ƙarami harshensa ya fi na babba jin ɗaci, haka aka halicce shi, abin da ke za ki haɗiye ki ɗan yatsina fuska shi a wurinsa bala'i ne, ga jiki ba daɗi, ga kuma shekarun da komai aka ce masa a'a yake cewa. To kin ga ba iskanci ba ne.

Bari in fara da wanda ya fi ban tsoro, wato ɗura. A kwantar da yaro rigingine, wani ya danne ƙafa wani ya riƙe hannu, a toshe masa hanci, yana buɗe baki don ya ja numfashi a juye masa maganin. Wallahi har yanzu in na tuna na yi wannan sai jikina ya yi sanyi. Ki duba fa, lokacin da ya buɗe bakin nan iska yake nema, hanyar huhu a buɗe take, ke kuma a daidai lokacin kika zuba ruwa, ina kike so ya bi? Shi ya sa za ki ga ya ƙware yana tari idonsa ya yi ja, wani har sai ya yi amai, in abin ya zo da ƙarar kwana maganin ya sauka a huhu ya zama wani ciwon daban wanda ya fi wanda ake magani. Kuma ko ya wuce lafiya kin riga kin koya masa cewa kwalbar nan abokiyar gaba ce, gobe tun daga ƙofa zai fara ihu. Gyaran shi ne ki zaunar da shi a cinyarki, kansa a sama kamar mai cin abinci, bayansa ya jingina da ƙirjinki ko da hannunki. In mai fisge-fisge ne ki naɗe shi da babban tawul hannayen su shige ciki, runguma ce ba dannewa ba, hanci kuma ki bar masa abinsa. In yana tsakiyar kuka mai shessheƙa ki dakata, minti biyar ko goma ba za su ɓata maganin ba.

Sai cokali. Da yawanmu in an rubuta cokali ɗaya sai mu shiga kicin mu ɗauko wanda hannu ya faɗa kansa. Cokalin da ake nufi a takardar magani mil 5 ne cif, wato mililita, ma'aunin ruwa, babban kuma mil 15, amma na gida kowanne da girmansa, wani rabin haka yake ɗauka wani ya zarce, ga shi yaro na kai hannu ɗaya ya kaɓar shikenan ba ki san nawa ya shiga nawa ya zube ba. Ki nemi sirinji mara allura, wanda aka yi don baki, mai layukan mil a jiki, in bai zo a cikin kwalin ba ki tambaya a wurin masu magani. Ni tun da na koma sirinji rabin rigimar ta mutu.

Amma shi ma sirinjin akwai yadda ake ɓata shi. Wasu sai su saita tsakiyar baki su danna gaba ɗaya fuuu har maƙogwaro, wannan ai ɗura ce aka sake wa riga. Ta gefen baki za ki zura shi, bakin sirinjin ya kalli cikin kumatu wajen baya, ki danna kaɗan, kamar rabin mil zuwa mil ɗaya, ki jira ki ga ya haɗiye sannan ki ƙara. Ta nan maganin ba ya malale harshe duka, kuma furzarwa na yi masa wuya. Ko ya datse haƙora akwai hanya tsakanin haƙori da kumatu. In kin ba shi wani abu mai sanyi ya tsotsa kafin nan, sanyin na ɗan kashe ɗanɗano, kuma ki ajiye ruwa ko abin da yake so kusa ya kora da shi nan take.

Wani kuskuren da yake kama da dabara, juye magani a cikin fida cike da madara ko a kwanon abinci. Yaro mara lafiya dama ba ya cinye abinci, zai sha rabi ya ture, to yanzu nawa ya sha? Ba ki sani ba, ba dama ki ƙara ba dama ki bari. Kuma in ya gano, don suna ganowa, sai ya ƙi madarar ma gaba ɗaya, kin yi biyu babu. In za ki haɗa, ki fara tambayar mai magani ko ya halatta, don akwai waɗanda madara ke hana jiki ɗaukarsu sosai, irin maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da wasu antibayotik, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta. In an ce ba komai, ki haɗa da ɗan kaɗan, cokali ɗaya ko biyu na abu mai laushi wanda kin tabbata zai shanye a take, kar ki haɗa ki ajiye. Zuma kuma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, ko don a ɓoye ɗaci ne, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba tukuna. Haka daka ƙwaya, ba kowace ake dakawa ba, wata an yi mata rufi ne don ta narke a hankali ko don ta wuce ciki sai a hanji, kina dakawa kin rushe aikin, ki tambaya ko akwai na ruwa ko irin wanda ake narkarwa a ɗan ruwa.

Yanzu bakinmu, wanda a ganina nan ne muka fi ɓarna kuma ba ma ɗaukarsa kuskure. Zo ka sha alawa, zo ka sha zaƙi. Kin samu ya sha yau, to, amma kin gaya wa ɗan shekara biyu cewa abin da ke cikin kwalbar nan alawa ce, kuma wasu sirop ɗin da gaske suna da zaƙi da kala mai kyau, ran da ya tura kujera ya hau ya ɗauko ba mil 5 zai sha ba. Ki kira shi da sunansa, magani ne, ni ko babanka kaɗai ke ba ka. Sai ƙaryar ba ɗaci, sau ɗaya take aiki. Gara ki ce masa da ɗan ɗaci amma ga ruwanka nan kana sha zai wuce, suna ganewa fiye da yadda muke zato. Mafi muni kuma barazana, in ba ka sha ba a kai ka a yi maka allura, ko zan kira likita ya zo. Ranar da allurar ta zama dole fa, ko rigakafi, me za ki ce masa? Kin riga kin mayar da likita dodo.

Akwai kuma tambayar da muke yi ba mu lura ba, za ka sha magani? Amsar ai kin san ta. Kar ki tambayi abin da ba zaɓi a ciki, ki ba shi zaɓi a inda akwai, a cinyata za ka zauna ko a kujera, da sirinji ko da ɗan kofin, kai za ka danna ko ni. 'Yata ta biyu da wannan na ci galabarta, tana so ita ta danna, sai in riƙe jikin sirinjin ita ta tura da ɗan yatsanta tana jin kanta wata babba. Wani lokacin sai an fara ba 'yar tsanarta na wasa tukuna. Kuma kar ki tsaya dogon lallashi na rabin awa, yana ganin kina roƙo ya san akwai ciniki. Ki auna maganin a inda ba ya gani, ki zo da fuska sake, a yi a gama, ki yaba masa. Taron mutum huɗu a kansa kowa na cewa haɗiye haɗiye shi ma tsoro yake ƙara masa.

To ya furzar ko ya yi amai, sai me? Nan ne muke saurin cika sirinji a sake. A dakata. In ya furzar da wani ya haɗiye wani, ba ki san adadin ba, kar ki sake cikakken awo da ka. Shi farasitamol musamman, in ya sha ya yi amai, abin da ya fi aminci ki jira lokacin na gaba. Ga wasu magungunan kamar antibayotik da maganin maleriya akan ce a sake in aman ya zo nan da nan, amma tsawon lokacin ya bambanta daga magani zuwa magani, don haka tun a wurin karɓa ki tambaya, in ya amayar in sake ko kar in sake, kuma cikin minti nawa. Tambaya ce ta sakan goma da za ta hana ki zaman zullumi da ƙarfe biyun dare.

Tunda na ambaci farasitamol bari in ɗan tsaya a kansa, don shi muka fi rainawa. Da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, tazarar awa 4 zuwa 6, kuma kar ya wuce sau 4 a awa 24. Matsalar ita ce kwalaben ba ƙarfinsu ɗaya ba, akwai mai miligiram 120 a mil 5, akwai mai 250 a mil 5 na manyan yara, akwai kuma na ɗigawa na jarirai wanda wani miligiram 100 ne a mil 1 kacal. Misali yaro mai kilo 12, iyakarsa a sha ɗaya miligiram 180, wato mil 7.5 na mai 120 ɗin. Ki ba shi wannan mil 7.5 daga kwalbar mai 250, ya sha 375, ya haura ninki biyu, kuma in aka yi ta maimaita haka hanta ce ke biya, ita kuwa ba ta nuna alama a ranar farko. Don haka duk sabuwar kwalba ki karanta jikinta ko da sunan iri ɗaya ne. Ki duba maganin mura ma, da yawa akwai farasitamol a ciki, sai ki haɗa biyu ba ki sani ba, dama dai yawancin magungunan tari da mura ba a so a ba ƙananan yara sai likita ya ce. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam sai in likita ne ya rubuta da dalili, ibufurofen kuma a guje shi in yaro na ƙarambau ko ruwan jikinsa ya ƙare saboda gudawa da amai. Sannan a gidan da mutum biyu ke kula da yaro, uwa ta ba shi ta shiga wanka, uban ya taɓa jiki ya ji zafi shi ma ya ba shi, wannan na faruwa sosai. Ki liƙa 'yar takarda a kwalin, duk wanda ya bayar ya rubuta lokaci.

Antibayotik na gari da ake zuba wa ruwa, ruwan da aka tafasa ya huce ake sawa, daidai layin da ke jikin kwalbar, ba a ƙara ruwa wai don ɗaci ya ragu. A girgiza kafin kowane sha don maganin na kwanciya a ƙasa, in ba haka ba kwanakin farko ruwa yake sha na ƙarshe kuma kauri. Bayan an haɗa kwanakinsa ƙidayayyu ne, yawanci 7 zuwa 14, wani sai a firij wani kuma ba a so a sa shi, yana rubuce a jiki. Kuma na san dalilin da ya sa muke dainawa a kwana na uku, zazzaɓi ya sauka, yaro ya fara wasa, ke kuma kin gaji da kokawa sau uku a rana. A cika kwanakin da aka rubuta dai. Ragowar kuma ba a ajiye wa ƙaninsa.

In kin gwada duk wannan abin ya ƙi, ki koma wurin wanda ya rubuta ki faɗa masa gaskiya cewa ba ya shiga, kar ki ji kunya ki ce yana sha. Sau da yawa akwai mafita, wani kamfanin mai ɗanɗano daban, ko mai ƙarfi wanda mil ɗinsa kaɗan ne, ko wanda ake sha sau biyu maimakon uku, farasitamol ma akwai na matsawa ta dubura ga yaron da ke ta amai. Amma in yaro ya kai ko ruwa ko nono ba ya iya sha, ko duk abin da ya shiga sai ya dawo, ko ya yi laushi kina tashinsa da ƙyar, ko yana jijjiga, ko numfashinsa na fita da sauri ƙirji na lotsawa, ki ajiye sirinjin ki ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ki tafi da kwalaben duk abin da kika ba shi su gani.